Ƙarshen Hunturu: Wuraren Da Suka Fi Dacewa Da Ɗaukar Hoto A Fabrairu Da Maris, Da Abin Da Wayarka Za Ta Iya A Can

Duk wanda ya ɗan daɗe yana ɗaukar hoto da waya ya san wannan takaicin. Ka je wurin da ka gani a Instagram, ka tsaya daidai inda mai hoton ya tsaya, ka ɗaga wayarka, amma abin da ya fito bai kama ƙafar nasa ba. Nan take sai ka ɗora wa waya laifi, ka ce ai tasa iPhone ce. Sau da yawa kuwa bambancin yana wajen lokaci ne. Shi ya je a watan da hasken wurin ke da kyau, kai kuma ka je lokacin da ka samu sarari.

Makonni shida da ke tsakanin farkon Fabrairu da tsakiyar Maris suna cikin lokutan da ƙwararrun masu ɗaukar hoto ke jira duk shekara. A ƙasashen arewacin duniya rana ta fara dawowa bayan dogon duhu, amma ba ta hawa sama sosai, don haka wannan hasken mai launin zinare da muke samu na 'yan mintuna kafin magariba, su suna samunsa na awanni. Dusar ƙanƙara ba ta narke ba, dare bai gajarce ba, cunkoson masu hutun Kirsimeti kuma ya watse. A nan wajenmu kuwa hazo ya fara sassautawa, ruwan daji yana ƙafewa, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai ba su riga sun koma ba.

Sai dai tafiya irin wannan kuɗi ce, kuma kowane wuri akwai abin da yake buƙata daga kyamara. Wani wurin kowace waya za ta fitar da kai kunya. Wani kuwa idan wayarka ba ta da zum na gaske, asarar kuɗin jirgi kawai za ka yi. Shi ya sa a kowane wuri da za mu ambata, za mu haɗa da abin da wayarka za ta fuskanta a can.

Tromso da Abisko: hasken da ke rawa a sararin samaniya

Birnin Tromso na ƙasar Norway yana can ƙuryar arewa, inda rana ba ta fitowa gaba ɗaya daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Zuwa tsakiyar Fabrairu ana samun rana ta kusan awa 8, wato kana da yini na ɗaukar duwatsu da teku, kana kuma da dare mai tsawo na jiran abin da ya kai mutane can, wato koren hasken nan da ke shawagi a sama, wanda ake kira orora.

Abin da ke haddasa shi daga rana yake. Rana tana feso ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da mu da tazarar kilomita 100 ko fiye. Idan suka bugi iskar oksijin sai ta ba da launin kore, wani lokaci ja idan karon ya faru can sama sosai. Masana sun daɗe da lura cewa wannan motsi yana ƙaruwa a kusa da 20 ga Maris da kuma ƙarshen Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita. Ita kanta ranar tana da zagaye na kimanin shekara 11, kuma a Oktoban 2024 hukumar NASA ta sanar cewa ta kai ƙololuwar wannan zagayen, abin da ya sa hotunan orora suka cika kafafen sada zumunta a 'yan shekarun nan.

Babban abokin gabarka a Tromso shi ne gajimare, domin garin a bakin teku yake. Shi ya sa da yawa ke tsallakawa zuwa ƙauyen Abisko a arewacin Suwidin, inda duwatsu ke tare hadari, sama ta fi zama a buɗe. Amma Abisko ya fi Tromso sanyi nesa ba kusa ba. Kada ka tsara dare ɗaya ko biyu. Mai son ya dace sai ya ware kwana 4 zuwa 5, ya kuma duba kalanda ya guji lokacin da wata ya cika, saboda farin wata yana dusashe orora mai rauni.

Labari mai daɗi shi ne, a nan waya ta fi idonka gani. Ido ba ya rarrabe launi sosai cikin duhu, sau da yawa abin da za ka gani kamar farin hayaƙi ne, amma kyamara da ta buɗe na daƙiƙu tana tara haske sai ta nuna maka koren. Sharaɗin shi ne kada wayar ta motsa. iPhone idan a hannu take tana ba ka daƙiƙa kaɗan a tsarin dare, amma da zarar ta ji an kafa ta a kan mariƙi mai ƙafa uku tana iya kaiwa daƙiƙa 30. Wayoyin Pixel suna da tsarin ɗaukar taurari da ke ɗaukar kusan minti 4, sai dai wannan ya yi wa orora mai gudu tsawo, zai dame ta kamar kunu. Idan Tecno ko Infinix ko Redmi ko Samsung kake riƙewa, shiga tsarin Pro, ka sa ISO tsakanin 800 da 1600, lokacin buɗewa daƙiƙa 5 zuwa 10, ka tura fokas zuwa ƙarshen nesa, sannan ka sa mai ƙidaya na daƙiƙa 3 don kada taɓa allo ya girgiza hoton. Ka kashe filasha. Ba za ta haska sama ba, sai dai ta ɓata wa na kusa da kai aiki.

Norway da Suwidin duk biza ɗaya ke shiga da su, wato ta Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024. Ba a mayar da kuɗin idan an hana ka, don haka kada ka sayi tikitin da ba a fasawa kafin biza ta fito.

Tafkin Baikal: ƙanƙara mai kama da gilashi

A kudancin Saibiriya ta ƙasar Rasha akwai tafkin da ya fi kowane zurfi a duniya, mita 1,642, tsawonsa kuma kilomita 636. Yana daskarewa a Janairu, amma daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ne ƙanƙarar ke yin kauri har kusan mita guda, ta yadda motoci ke bi ta kai zuwa tsibirin Olkhon. Ruwan tafkin garau yake, shi ya sa ƙanƙarar ke fitowa kamar gilashi. Kana tsaye kana hango tsage-tsage farare suna gangarawa ƙasa, da kumfar iska da ta maƙale a ciki, da ɓaraguzan ƙanƙara masu shuɗi da iska ta tara a gefe. Ta birnin Irkutsk ake shiga, daga nan a hau mota tafiyar awanni.

Wannan wuri ne da ya dace da waya, domin abin ɗauka yana ƙarƙashin ƙafarka. Ka durƙusa, ka kwantar da wayar dab da ƙanƙara, ka yi amfani da kyamara mai faɗin gani, wadda ke da alamar 0.5 ko 0.6. Tsagar da ke gabanka za ta ja idon mai kallo har zuwa duwatsun da ke nesa.

Akwai darasi guda da zai yi maka amfani a duk inda fari ya yi yawa. Kyamara tana auna haske ne da zaton cewa abin da ke gabanta matsakaici ne, ba fari fat ba, ba baƙi wuluk ba. Idan ta ga fili duk fari sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, sai dusar ƙanƙara ta fito toka-toka. Maganin shi ne ka taɓa allo, ka ja alamar rana sama kaɗan har farin ya zama fari, amma ka tsaya kafin ƙananan layukan da ke cikinsa su ɓace. Wannan dabarar ce dai za ka yi idan kana ɗaukar angwaye sanye da fararen shaddoji a tsakar rana.

Sanyin Baikal yana kai digiri 20 ƙasa da sifiri, alhali kamfanin Apple cewa ya yi an tsara iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Batirin lithiyam yana kasala cikin sanyi, sai ka ga waya mai caji 40 ta mutu farat ɗaya. Cajin bai ƙare ba, ɗumi take nema. Ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, ka fito da ita lokacin ɗauka kaɗai. Kada ka jona ta a caji tana da sanyi ƙalau, hakan yana lalata batiri. Kuma kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, sa ta a leda mai zif ka rufe har ta huce, in ba haka ba raɓa za ta taru a cikin gilashin kyamara.

Abu biyu kuma. Katunan Visa da Mastercard na ƙasashen waje sun daina aiki a Rasha tun 2022, sai ka shirya kuɗi a hannu. Sannan kada ka hau ƙanƙara ba tare da ɗan jagora ba, domin kusan kowace shekara tana ruftawa da mota.

Hokkaido: gauraki masu rawa a kan dusar ƙanƙara

Tsibirin Hokkaido shi ne arewacin Japan. A farkon Fabrairu birnin Sapporo ke yin bikin dusar ƙanƙara da aka fara tun 1950, inda ake sassaƙa gine-gine da gumaka manya da ƙanƙara a filin Odori, a haska su da fitilu da daddare. Wannan kowace waya mai tsarin dare za ta ɗauke shi tsaf.

Amma abin da ke kai ƙwararru Hokkaido yana gabashin tsibirin. A ƙauyen Tsurui kusa da Kushiro akwai wani tsuntsu ɗan uwan gaurakarmu, fari mai baƙin wuya da jan tabo a ka, wanda Japanawa ke kira tancho. An taɓa zaton ya ƙare a ƙasar, sai a 1924 aka gano 'yan kaɗan a fadamar Kushiro. Manoma suka riƙa zuba musu masara da hunturu har suka sake yawa. A Fabrairu ne suka fi yin rawar neman aure, namiji da mace suna tsalle suna buɗe fukafukai. Da asuba masu hoto ke cika gadar Otowa, suna jiran rana ta bugi tururin da ke tashi daga kogin da tsuntsayen ke kwana a ciki. Gaba kaɗan a Abashiri da Rausu kuwa, ƙanƙarar teku ce ke gangarowa daga arewa, jiragen ruwa suna fita da mutane su ga manyan gaggafa zaune a kanta.

A nan ne gaskiyar zum ke fitowa. Akwai zum iri biyu. Na gaske shi ne wanda wayar ke da kyamara ta daban mai gilashin hangen nesa, kamar ninki 5 da ke iPhone 15 Pro Max da Galaxy S24 Ultra, ko ninki 10 da ke Galaxy S23 Ultra. Ɗayan kuwa yanka tsakiyar hoto ne kawai a faɗaɗa shi, manhaja ta cike gurbin da hasashe. Shi ya sa idan ka ja zum zuwa 30 gashin tsuntsu ke komawa kamar an shafa fenti. Kyamarori uku a bayan waya ba sa nufin akwai na hangen nesa, domin a wayoyi masu araha sau da yawa ɗaya ko biyu na taimakawa ne kawai wajen dusashe baya. Duba bayanan wayarka kafin ka yanke shawara. Daga gadar Otowa tsuntsayen suna da nisa sosai, ko waya mai tsada za ta sha wuya. Mai waya ya fi cin riba a filayen da ake ciyar da su, inda suke sauka kusa da shinge.

Yosemite: minti goma kafin faɗuwar rana

A gandun Yosemite na jihar Kaliforniya a Amurka akwai wani siririn ruwa mai suna Horsetail da ke zubowa daga gefen dutsen El Capitan. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshensa, rana mai faɗuwa tana bugunsa ta wata kusurwa da ke sa shi ya yi ja kamar narkakken ƙarfe, na kimanin minti 10. Hoton da Galen Rowell ya ɗauka a 1973 ne ya fito da shi duniya. Sai abu biyu sun haɗu: dusar ƙanƙara ta narke har ruwan ya zubo, kuma yamma ta kasance babu gajimare ko kaɗan. Mutane kan yi kwanaki suna jira su dawo hannu rabbana. Ga nisa, ga buƙatar zum na gaske, ga wahalar bizar Amurka. Wanda yake karatu ko aiki a can zai iya gwadawa. Wanda zai taso daga nan musamman domin wannan, caca yake yi da kuɗinsa.

AlUla: ga wanda Umara ta kai shi Madina

Daga cikin wuraren ƙetare, wannan ne ya fi kusa da hannun mai karatu, saboda yana arewa da Madina da tazarar kilomita sama da 300. Da bazara zafin AlUla yana haura digiri 40, amma a Fabrairu da farkon Maris yini yana da daɗi, dare kuma da sanyi. Ƙasa ce ta jajayen duwatsu da iska ta sassaƙa. Akwai Jabal al-Fil mai siffar giwa, akwai tsohon gari na ginin ƙasa da gonakin dabino, akwai ginin Maraya da aka lulluɓe da madubi har yana ɓacewa cikin hamada. A yankin Gharameel kuma duhun dare ya isa ka gwada ɗaukar taurari, da irin saitin da muka faɗa a kan orora, sai dai ka ƙara lokacin zuwa daƙiƙa 15 ko 20.

Jan dutse ba ya son tsakar rana, launinsa yana koɗewa. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta ne yake yin ja sosai. Ka kuma sa mutum a cikin hoton, ko da daga nesa ne, domin ba a gane girman dutse sai an ga abin gwadawa a kusa da shi.

Wurin da ya fi suna a yankin shi ne Hijr, wanda ake kira Mada'in Salih, mai kaburbura sama da 100 da Nabatawa suka sassaƙa cikin duwatsu. Shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 2008, kuma da tikiti da jagora ake shiga. Mai karatu ya sani cewa wurin ne ake dangantawa da Samudawa, akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗi game da shigarsa, shi ya sa Musulmi da yawa ke ƙaurace masa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, sauran wuraren da muka lissafa sun ishe shi cika waya. Haka kuma ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar Saudiyya, musamman idan an wallafa. Ka tabbatar da sharuɗɗan bizarka wajen ejan kafin ka bar Madina.

Nan gida: Nguru, Yankari da Argungu

Sanyin da ke daskarar da tafkunan Turai da Saibiriya shi ne ke koro miliyoyin tsuntsaye su tsallako Sahara, kuma ɗaya daga cikin masaukansu yana tsakanin Jigawa da Yobe. Fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa, suna cika da agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa daga kusan Nuwamba. Zuwa Maris sun fara shirin komawa. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a shekarar 2000. Akwai kuma Dagona a ƙasar Bade da Baturiya a Jigawa. A Fabrairu ruwa ya ja baya, don haka tsuntsayen sun cure wuri guda. Ka shiga kwalekwale tun da asuba, ka roƙi mai tuƙi ya bi a hankali. Kada ka nemi hoton tsuntsu ɗaya, ka nemi garke yana tashi da rana a bayansa, ko masunci yana jefa birgi. Idan kana da madubin hangen nesa, ɗora idon kyamarar waya a kan nasa, za ka yi mamakin abin da zai fito. Manhajar Merlin Bird ID kuma za ta taimaka wajen gane sunan abin da ka ɗauka.

Gandun Yankari a jihar Bauchi yana da faɗin murabba'in kilomita 2,244. Da damina ciyawa ta rufe komai, dabbobi sun watsu. Daga ƙarshen Fabrairu kuwa tafkunan daji sun ƙafe, sai giwaye da ɓauna da gwanki su riƙa gangarowa kogin Gaji, abin da ke ƙara maka damar ganinsu. Maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin digiri 31 ta fi kyau da sassafe, kafin masu wanka su cika ta. Kada alamar IP68 ta ruɗe ka ka nutsa da waya, domin robar da ke tare ruwa tana saki da tsufa, garantin kamfani kuma bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Ka kuma riƙe wayarka da kyau, biran sansanin sun ƙware wajen fizge abin da ke hannun baƙo.

Bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi shi ma a Fabrairu ko Maris yake faɗowa. Ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, UNESCO kuma ta amince da shi a 2016. Ba kowace shekara ake yinsa ba, ya taɓa yin kusan shekara goma a tsaye kafin a dawo da shi a 2020, don haka ka jira sanarwar hukuma. Duk hoton bikin yana cikin daƙiƙun farko ne, lokacin da aka ba da alama dubban masunta suka ruga cikin Matan Fada da homa da gora. Ka nemi wuri mai tudu tun da wuri, ka yi amfani da tsarin ɗauka a jere, wanda ke harba hotuna da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ko ka ɗauki bidiyon 4K ka ciro hoto daga ciki daga baya.

Duk waɗannan wurare uku hazo na iya riskarka. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana kashe shuɗin sama da duk wani abu na nesa. Amma tana tausasa haske, fuskar mutum ta fito babu inuwa mai kaifi, rana kuma ta zama farin faifai da za ka iya sa wa cikin hoto ba ta ƙona shi ba. Ranar hazo ka bar hoton nesa, ka matsa kusa da mutane. Fokas yakan yi ta kai-kawo cikin hazo, sai ka danne yatsa a kan abin da kake so har ya kulle. Kada ka goge gilashin kyamara da bakin riga, ƙurar tana da yashi, ka hure ta tukuna sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Kafin ka kama hanya kuma, tambayi mutanen wurin halin da tsaro ke ciki a wannan makon, ka guji tafiyar dare, ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, balle mata da yara.

Kayan da za su shiga jaka

Mariƙi mai ƙafa uku shi ne abu mafi arha da zai fi canza maka hoto. Bayansa sai fawa bank. A jirgi dole ya kasance cikin jakar hannu, ba cikin akwatin da ake aunawa ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ya wuce lafiya. Wasu kamfanonin jirage sun hana amfani da shi yayin tafiya, sai ka duba dokarsu.

Idan wayarka tana ɗaukar RAW, kunna shi a hotunan dare da na dusar ƙanƙara, domin yana ajiye bayanan da za ka iya gyarawa a Snapseed ko Lightroom. Amma yana cin wuri. A iPhone hoto ɗaya na ProRAW mai megafiksel 48 yana kai kimanin 75MB, wato hoto 100 sun cinye sama da 7GB. Ka share tarkacen WhatsApp kafin tafiya, kuma kowane dare ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa filashi ko Google Photos, saboda waya na iya faɗawa ruwa ko a sace ta. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana da intanet. Manhajar PhotoPills tana nuna inda rana da wata za su fito a kowace rana, Windy kuma tana nuna tafiyar gajimare. Jirgi maras matuƙi kuwa gara ka bar shi a gida idan ba ka da takarda. An hana tashinsa a gandun dajin gwamnatin Amurka tun 2014, a Najeriya ma sai da izinin hukuma.

A 'yan shekarun nan watan azumi yana faɗowa cikin wannan tsakanin, don haka ka duba kalanda kafin ka tsayar da rana.

Yadda za ka zaɓa

Fara da wayar da ke hannunka. Idan babbar kyamararta tana da kyau amma ba ta da zum na gaske, AlUla da Baikal da Argungu su ne naka. Idan tana da tsarin dare mai ƙarfi ko tsarin Pro, orora tana iya yiwuwa. Tsuntsaye da dabbobi kuwa sai mai gilashin hangen nesa, ko mai haƙurin jira su matso.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi gwaji. Daren da aka ɗauke wuta a unguwarku, fita tsakar gida, ka jingina wayar da bulo tana kallon sama, ka sa daƙiƙa 10 da ISO 1600, ka gani ko taurari za su fito. Washegari ka je bakin kasuwa ko kududdufi da asuba, ka ja zum a kan tsuntsu ka ga inda hoton ke fara lalacewa. Abin da wayar ta nuna maka a waɗannan gwaje-gwaje biyu shi za ta yi a Tromso ko a Nguru, sai ka tsara tafiyarka a kansa.